Jagorar nazarin gajeren labari kan muzancin ƙuruciya, da misali daga labarin jar suwaita

Duk wanda ya taɓa duba takardun ɗaliban adabi ya san irin amsar da aka fi bayarwa idan aka ce a yi nazarin gajeren labari. Ɗalibi zai cika shafi biyu yana maimaita abin da ya faru, sannan a ƙasa ya jero jigo da salo da taurari, kowanne da jimla guda, kamar mai lissafa kayan miya a gaban mai tebur. Wannan rauni ya fi fitowa fili idan labarin na yaro ne da aka muzanta a gaban jama'a, domin abin da ke faruwa a irin wannan labari ƙarami ne ƙwarai a idon babba: babu mutuwa, babu yaƙi, babu dukiyar da ta salwanta. Idan aka taƙaita shi, sai ya zama kamar babu komai a ciki. Nauyinsa duka yana cikin yadda aka ba da shi, saboda haka aikin mai nazari shi ne ya nuna yadda kowace dabara da marubuci ya yi amfani da ita take komawa ga lokaci guda, wato lokacin da bakin yaron ya mutu alhali yana da gaskiya.

Misalin da za mu bi shi ne labarin "Eleven", wato "Sha Ɗaya", na Sandra Cisneros, marubuciya Ba'amurkiya mai asali daga Meziko wadda aka haifa a birnin Shikago a 1954. Labarin yana cikin kundin gajerun labaranta mai suna "Woman Hollering Creek and Other Stories" da ya fito a 1991, kuma ana yawan koyar da shi a makarantun Amurka saboda gajartarsa da sauƙin harshensa. Matakan da ke tafe za su yi aiki a kan kowane labari mai irin wannan jigo, har da gajerun labaran Hausa irin waɗanda ake shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa da su tun daga 2016.

Mataki na farko: karatu uku kafin a ɗauki alƙalamin sharhi

Karatu na farko na jin daɗi ne, kada a tsaya yin alama ko duba ƙamus. Abin da ake so a riƙe daga gare shi shi ne wurin da zuciya ta motsa, ko da tausayi ko da fushi ko da dariya, domin sau da yawa nan ne marubuci ya zuba ƙarfinsa. A karatu na biyu sai a riƙe fensir, a ja layi ƙarƙashin duk kalma ko jimlar da aka maimaita, da duk wurin da aka kwatanta wani abu da wani, da duk maganar da ta fito daga bakin wani tauraro. Karatu na uku kuwa a yi shi da murya, saboda kunne yakan kama abin da ido ya tsallake, musamman wurin da jimloli suka gajarce ko suka kakkarye.

Bayan haka a rubuta taƙaitaccen labarin cikin jimlolin da ba su wuce biyar ko shida ba. Ga na misalinmu. Wata yarinya mai suna Rachel ta cika shekara 11 a ranar, tana kuma tunanin cewa mutum ba ya rabuwa da shekarunsa na baya, suna nan a cikinsa. A aji, malamarsu Mrs. Price ta ɗaga wata tsohuwar jar suwaita da ta yi wata guda a ɗakin rataye rigunan sanyi, ta tambayi mai ita, kowa ya ce ba tasa ba ce. Wata ɗaliba, Sylvia Saldívar, ta ce tana jin ta Rachel ce, malamar ta yarda, ta ajiye mata a kan tebur, daga baya ma ta tilasta mata sa ta. Rachel ta fashe da kuka a gaban 'yan aji. Dab da a kaɗa ƙararrawar cin abincin rana sai wata ɗalibar, Phyllis Lopez, ta tuna cewa rigar tata ce, malamar kuwa ta wuce kamar babu abin da ya faru.

Wannan taƙaitawa don amfanin mai nazari ce shi kansa. A cikin rubutun ƙarshe bai kamata ta wuce sakin layi ɗaya ba.

Mataki na biyu: a tantance wace irin kunya ce

Nan ne mai karatu Bahaushe yake buƙatar taka-tsantsan fiye da kowa, domin kalmar kunya a wurinmu tana ɗauke da kaya biyu. Akwai kunya wadda take ado, wadda ake yabon yaro da ita, irin wadda ke sa ya sunkuyar da kai a gaban surukin babansa ko ya ƙi amsa wa babba da gatsali, wadda kuma idan aka ce wane ba shi da ita an zage shi. Akwai kuma kunyar da ake ɗora wa mutum daga waje, wadda muke kira muzantawa ko tozartawa ko cin fuska ko yarfi, inda ake sa shi ya ji ƙasa ta tsage ya shige. Labaran da muke magana a kansu na kashi na biyu ne, amma sau da yawa kashi na farko shi ne ke buɗe wa na biyu ƙofa, kuma gano wannan alaƙa yakan zama zuciyar nazarin.

A duba Rachel. Ba ta yi laifin komai ba, ta kuma san gaskiya tana wurinta. Abin da ya hana ta kare kanta shi ne wadda take gabanta babba ce kuma malama, ita da kanta ta faɗa mana cewa wannan ne ya sa gaskiya ta koma wurin malamar. Ɗalibin da ya tashi a gidan da ake cewa babba ba ya ƙarya yana iya karanta shirun Rachel ya ce tarbiyya ce, ya yaba mata, ya wuce. Idan ya yi haka ya rasa labarin, domin marubuciyar ta nuna shirun a matsayin abin da ya ci yarinyar, maganar tana maƙale a maƙogwaro tana neman hanya ta rasa. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya ce malamar muguwa ce kawai ya rufe littafi, shi ma ya yi gaggawa.

Tambayoyin da ke taimakawa a wannan mataki su ne: wane ne ya jawo muzancin, kuma da gangan ya yi ko da sakaci? A gaban wa aka yi? Me yaron yake tsoron mutane za su ɗauka game da shi? Tambaya ta ukun ita ce mafi amfani. A labarinmu rigar mummuna ce, tsohuwa, maɓallanta na jar roba, wuyanta da hannuwanta sun saki sun yi tsawo. Duk wanda aka ce tasa ce an jingina masa talauci da ƙazanta da rashin kulawar iyaye ba tare da an furta ko ɗaya daga cikinsu ba. Labarin bai ce iyayen Rachel matalauta ba ne, don haka kada mai nazari ya ce haka. Abin da zai iya cewa da hujja shi ne rigar tana ɗauke da wani suna da yarinyar take gudun a laƙaba mata.

Mataki na uku: zubi da tsari

A raba labarin gida-gida, a ga yawan filin da aka ba kowane gida. Tsarin da aka saba koyarwa shi ne shimfiɗa, da ƙulluwar rikici, da hauhawarsa, da ƙololuwa, da warwara. Amfanin wannan tsari shi ne a auna labarin da shi a ga inda ya bi da inda ya kauce, domin kaucewar ce takan fi ba da abin faɗa.

Labarin Cisneros bai fara da aji ba. Ya fara da sakin layi da dama na tunani zalla, inda yarinyar take bayyana ra'ayinta game da shekaru, har ta kawo misalin mahaifiyarta, wadda idan tana baƙin ciki Rachel takan ce mata wataƙila shekara ukun da ke cikinta ce ta motsa. Mai nazari ya tambayi kansa dalilin da ya sa aka jinkirta shigowar malamar. Amsar ita ce an ba mai karatu ma'aunin da zai auna abin da zai biyo baya, ta yadda idan Rachel ta fashe da kuka ba za mu ce ta cika raki ba, za mu ce ga shekara ukun nan da aka gaya mana ta fito. Da a ce labarin ya fara da ɗaga rigar, kukan zai zama na yarinyar da ba ta iya haƙuri ba.

Hauhawar rikicin tana da matakala uku bayyanannu: an ajiye rigar a kan teburinta, ta yi ta tura ta gefe har ta rataya a bakin teburin, sannan aka ce ta sa ta a jikinta. A lura cewa kowace matakala tana matso da rigar kusa da fatarta. Ƙololuwa ita ce sa rigar da kukan da ya biyo baya. Warwara kuwa, a nan ne labarin ya yi abin da ya kamata a dakata a kansa. Gaskiya ta fito, mai rigar ta bayyana, amma babu wanda ya ba da haƙuri, kuma ita Rachel ta kira wannan da mafi munin abin da ya faru. A tatsuniya idan gaskiya ta yi halinta akan saka wa wanda aka zalunta, a kunyata mai laifi. A nan an warware rikicin waje an bar na cikin zuciya a ƙulle, kuma duk nazarin da bai ambaci wannan bambanci ba bai cika ba.

Mataki na huɗu: mai ba da labari da muryarsa

A fara da tambayoyi masu sauƙi. Wa ke magana? Da wane wakilin suna, "ni" ko "shi" ko "ita"? A wane lokaci, wanda ya shuɗe ko wanda ake ciki? Labaran ƙuruciya da yawa babba ne ke ba da su yana waiwayen baya, sai a ji muryoyi biyu a tare, ta yaron da ya sha wuya da ta dattijon da yanzu yake iya murmushi a kan abin. Cisneros ba ta bi wannan hanya ba. Rachel ce ke magana da bakinta, a ranar da abin ya faru, cikin lokaci mai ci, ba tare da wani babba da zai zo ya ce mana komai ya wuce ba. Wannan zaɓi ya rufe wa mai karatu hanyar tsira, dole ya zauna a kujerar yarinyar har ƙararrawa ta kaɗa.

Daga nan sai a kwatanta muryar zuci da muryar baki. Wannan ita ce dabarar da na fi so ɗalibi ya gano da kansa, domin da zarar ya gan ta sau ɗaya zai riƙa ganinta a wasu labaran. A cikin zuciyarta Rachel mai fasaha ce, jimlolinta dogaye ne, kwatancenta na burgewa. Amma duk lokacin da ta buɗe baki ta yi wa malamar magana sai kalmomin su fito a kakkarye, ta fara wannan jimla ta bari ta kama wata, har ita kanta ta ce muryar da ta fito kamar ta lokacin da take shekara huɗu ce. A zahiri sai a ƙirga: kalma nawa ta furta a fili, kalma nawa ta yi a zuci? Tazarar da ke tsakanin adadin biyu hujja ce da ba a iya musawa, kuma ita ce siffar muzanci a rubuce.

Kada kuma a manta cewa mai ba da labari yarinya ce mai fushi. Ta kira Sylvia wawiya, ta ce Phyllis ta ma fi ta wauta, ta kuma yi zaton Sylvia ta yi abin ne saboda ba ta sonta ko saboda ita siririya ce. Wannan zato ne, labarin bai tabbatar da shi ba. Mai nazari ya rubuta "Rachel tana ganin", kada ya rubuta "Sylvia ta tsani Rachel". Waɗannan ƙananan zage-zage suna da amfani ta wata fuskar, domin su ne ke tuna mana cewa mai wannan zurfin tunani har yanzu 'yar shekara 11 ce.

Mataki na biyar: taurari

A gajeren labari taurari ba su da yawa, kuma ba a ba su dogon tarihi, don haka a auna kowanne da abin da ya faɗa da abin da ya aikata da abin da ya ƙi aikatawa. Babbar tauraruwa mun riga mun san ta. Mrs. Price kuwa ba a nuna ta tana duka ko zagi ba. Abin da take so shi ne ta rabu da rigar ta koma kan darasin lissafi, shi ya sa da ta yanke hukunci nan take ta buɗe shafi na 32 ta kama tambaya ta huɗu. Ta ma ƙara da cewa ta tuna ta taɓa ganin Rachel sanye da rigar, abin da ƙarshen labarin ya nuna ba haka ba ne. Laifinta gaggawa ce da rashin sauraro da ƙin amsa kuskure, kuma a ganina wannan ya fi ban tsoro a kan a ce muguwa ce, domin irinta suna da yawa kuma ba su san suna cutarwa ba.

Akwai tauraro na uku da ɗalibai kan manta da shi, wato 'yan aji. Ba su yi magana ba bayan sun ce rigar ba tasu ba ce, amma ba don idanunsu ba da babu labarin. Da malamar ta kira Rachel ofis ta ba ta rigar su biyu, da abin ya tsaya a rashin fahimta. Iyaye kuma suna nan a matsayin waɗanda ba su nan: uwa tana gida tana yin kek, uba zai dawo daga aiki a yi waƙar murnar haihuwa, amma a lokacin da ake bukatarsu tunaninsu kaɗai yarinyar take da shi.

Wasu masu sharhi sukan lura cewa sunayen ɗaliban biyu, Saldívar da Lopez, na masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci ne, sunan malamar kuwa na Turancin Ingilishi, sai su karanta labarin ta fuskar bambancin asali a makarantun Amurka. Ana iya kawo wannan a matsayin fassara mai yiwuwa, muddin an bayyana cewa sunaye ne kaɗai hujjar, labarin bai furta komai a kai ba.

Mataki na shida: wuri da lokaci

Wannan ba ya bukatar dogon bayani. Wuri aji ne, inda iko yake hannun mutum ɗaya kuma ba a fita sai da izini. Ba a ambaci sunan gari ba, don haka kada a ce Shikago don kawai marubuciyar 'yar can ce. Lokaci kuwa safiya guda ce, ta ranar haihuwa. Ga mai karatun da bai saba da bikin wannan rana ba, yana da kyau ya san cewa a al'adar Amurka rana ce da yaro yake sa ran a fifita shi, a ba shi kyauta, a kunna kyandirori a kan kek dominsa. Wanda yake son ya ji nauyin abin sai ya tuna yaron da aka tsinka a gaban abokansa ranar Sallah yana sanye da sabon ɗinki.

Mataki na bakwai: adon harshe

Ƙa'idar wannan mataki guda ce: kada a ambaci wata dabara sai an faɗi aikin da ta yi. Cewa "marubuciya ta yi amfani da kamance" bai ƙara wa kowa sani ba.

A fara da kamance, a jero su duka a takarda. Rachel ta kwatanta girma da albasa, da zoben da ke cikin kututturen itace, da 'yan tsanarta na katako waɗanda ake saka ƙarama cikin babba. Ta kwatanta shekarunta 11 da kwabbai masu ƙara a cikin gwangwanin filasta. Ta ce hannun rigar ya isa a yi tsallen igiya da shi, ta ce ciwon kan da kuka ya sa mata kamar na wanda ya sha madara da sauri ne. Da an jero su sai a tambaya: daga wace duniya aka ɗebo su? Dukansu daga kicin ne da ɗakin wasa da filin makaranta, wato abubuwan da hannun yarinya yake kaiwa. Ta haka marubuciyar ta saka zurfin tunani a bakin ƙaramar yarinya ba tare da muryar ta zama ta babba ba. Sannan a duba bambancin da ke tsakaninsu. Albasa da itace da 'yan tsana duk suna nuna abu a cikin abu a natse, kuma sun zo ne lokacin da take tunani cikin kwanciyar hankali. Kwabbai a gwangwani kuwa suna nuna ƙaranci da kwaramniya, kuma sun zo ne daidai lokacin da za a shiga aji, inda take fatan a ce shekararta 102 don ta san abin da za ta ce.

Sai alamtarwa. Jar suwaita ita ce babbar alama, amma kada a tsaya ga cewa "tana nufin kunya". A bi tafiyarta: daga hannun malama zuwa tebur, daga tsakiyar tebur zuwa kusurwa, daga kusurwa zuwa jiki. A lura cewa da rula Rachel take tura ta don kada ta taɓa ta, ta janye fensirinta da littattafanta da abin goge rubutu daga kusa da ita, har kujerarta ta matsar, tana kuma ƙulla yadda za ta jefar da ita bayan shingen makaranta idan an fita. Da ta sa ta sai wari irin na cuku da ƙaiƙayi suka shigo, wato an tashi daga gani an koma ga shaƙa da taɓawa. Launin ma abin dubawa ne, domin ja ba ya ɓuya, alhali babban burin yarinyar a lokacin shi ne kada a gan ta. Idan aka haɗa waɗannan, rigar ta zama hukuncin wani da aka tilasta wa mutum ya yafa.

Maimaitawa iri biyu ce ta fi fitowa a labarin. Akwai cewa rigar ba tata ba ce, wanda take nanatawa a zuci tun da baki ya gaza. Akwai kuma ƙirga shekaru da baya, daga goma zuwa ɗaya, wanda ya zo a farko a matsayin ra'ayi, ya dawo a ƙololuwa a matsayin abin da ke turo hawaye daga bayan idanunta. Duk lokacin da abu ya dawo a labari, a tambaya me ya sauya tsakanin zuwansa na farko da na biyu. Kambamar zulaƙe kuma, irin cewa rigar ta yi shekara dubu, tana nuna yadda ƙaramin abu yake cika idon yaro. Hoton ƙarshe shi ne na balan-balan da ya kuɓuce yana ƙanƙancewa a sama, wanda ta yi fatan ranar ta zama kamarsa. Abin biki ne aka mayar da shi alamar son ɓacewa.

Mataki na takwas: jigo, da tambayar ko yaron ya girma

Jigo ba kalma ɗaya ba ce. "Kunya" ko "girma" maudu'i ne, jigo kuwa cikakkiyar jimla ce da ke faɗin abin da labarin ya nuna game da maudu'in. Ga misalai biyu da labarinmu zai iya ɗauka: ƙarin shekara ba ya zuwa da ƙarfin kare kai a rana ɗaya, ko kuma, mai iko yana iya yin kuskure a kan ƙarami ya wuce ba tare da ya biya komai ba. A zaɓi ɗaya a matsayin babban jigo, sauran su zama ƙanana, sannan a gwada shi: shin ya dace da farkon labarin da ƙololuwarsa da ƙarshensa? Idan ya dace da biyu ya bar ɗaya, a sake shi.

Da yake labarin na tasowar yaro ne, wajibi ne a amsa tambayar me ya sauya a cikinsa. Jamusawa suna kiran dogon ƙagaggen labari mai bin tasowar tauraro daga ƙuruciya zuwa hankali da suna Bildungsroman, amma a can akwai shekaru da shafuka ɗaruruwa. Gajeren labari awa ɗaya ko yini ɗaya yake da shi, don haka sauyin da ake nema ƙarami ne, sau da yawa sani ne mai ɗaci. Rachel ba ta yi nasara ba, ba ta mayar da martani ba, ta ƙare tana cewa murnar daren ta riga ta makara. Wani zai ce to ai ba ta girma ba, baya ma ta koma. Ni ina ganin girman yana cikin abin da ta iya faɗa: yarinyar da ta kasa haɗa jimla ɗaya a gaban malama ita ce ta bayyana mana dalilin gazawar tata dalla-dalla. Kowanne daga cikin ra'ayoyin biyu karɓaɓɓe ne idan an kafa shi da hujja daga matanin.

Mataki na tara: rubuta nazarin

Gabatarwa ta ƙunshi sunan labari da marubuci da shekarar bugu, da taƙaitawa cikin jimla biyu, da matsayar mai nazari cikin jimla ɗaya. Kada a yi ƙoƙarin zuba duk abin da aka tara. A zaɓi dabaru uku ko huɗu da suka fi tallafa wa matsayar, a ba kowace sakin layi ɗaya ko biyu. Kowane sakin layi ya fara da da'awa, ya kawo hujja daga labarin, ya bayyana yadda hujjar take aiki, bayanin kuma ya fi hujjar tsawo. Ga samfuri:

Marubuciyar ta nuna muzancin Rachel ta hanyar tazarar da ke tsakaninta da rigar. Da farko rigar tana hannun malama, sai ta sauka a kan tebur, inda yarinyar ta ƙi taɓa ta da hannu, ta yi amfani da rula wajen ture ta. Wannan ɗan ƙoƙari shi ne iyakar bijirewar da take da ikon yi tun da magana ta gagare ta. Lokacin da aka umarce ta da ta sa rigar, tazarar ta ƙare gaba ɗaya, kuma a daidai nan ne kukan da ta yi ta dannewa ya ƙwace mata. Saboda haka abin da ya karya ta shi ne tilasta mata amsa zargin da jikinta, bayan ta ƙi amsa shi da bakinta.

Kurakuran da suka fi yawa a wannan mataki uku ne. Na farko shi ne haɗa marubuci da mai ba da labari, a riƙa cewa "Cisneros ta yi kuka a aji", alhali Rachel ce ta yi. Na biyu shi ne juya nazari ya koma wa'azi ga malamai ko nasiha ga iyaye, abin da ke da muhallinsa amma ba a nan ba. Na uku shi ne cusa labarin kai, domin irin wannan labari yakan tayar wa kowa da tsohon mikinsa na makaranta. Tunawar tana da amfani wajen fahimta, amma idan ba an nemi ra'ayin kai ba ne a tambayar, a bar ta a takardar gwaji.

Idan da Hausa ake rubuta nazarin labarin da aka wallafa da wani harshe, a faɗa tun a gabatarwa cewa fassarar guntayen da aka kawo ta mai nazari ce, a kuma kiyaye siffar asali: inda maganar yarinyar ta kakkarye a bar ta a kakkarye, kada a gyara mata jimla don ta yi daɗin karatu. Kafin a miƙa aikin a koma ga matanin a tabbatar da sunaye da jerin aukuwar abubuwa, musamman wace ce ta ce rigar ta Rachel ce da wace ce ta amsa cewa tata ce, domin ɗalibai da yawa sukan musanya Sylvia da Phyllis.